Makarantar Tsakar Gida: Mako Guda a Samaru

Asabar, 4 ga Yuli, 2020

Tun ranar 23 ga Maris da aka rufe makarantu saboda korona, babbar 'yata, Yayarsu, ba ta sake sa kayan makaranta ba. Aji biyar take a sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma baɗi ne za ta zana WAEC da NECO in Allah ya kai mu. Duk maganar da ake yi a rediyo ta 'yan aji shida ce. Darussan da gwamnatin jiha ta fara sakawa a rediyo da talabijin tun watan Afrilu ma su aka fi nufa da su. 'Yan aji biyar kuwa, kowa tasa ta fisshe shi.

Makarantarsu ta turo jadawali ta WhatsApp: darasi takwas a wuni, kowanne minti arba'in, daga ƙarfe takwas zuwa biyu. Ƙarfe takwas a gidan nan ana ɗiban ruwa, ana dama koko, ana yi wa ƙanne wanka. Wayar da ke da WhatsApp guda ce, tawa, ita ma sai an kawo wuta take da rai. Don haka yau bayan azahar na shimfiɗa tabarma, na juya bayan tsohuwar kalanda, na fara lissafa abin da gidan nan yake da shi.

Lokaci mai tsabta uku ne: bayan asuba kafin yara su tashi, daga hantsi zuwa kusan azahar, sai bayan la'asar. Mutane ma ba mu rasa ba. Ƙanena, kawunsu, yana koyarwa a jami'a, kuma tun watan Maris ASUU ke yajin aiki, yana zaune sai karanta jarida a waya. Babansu ma'aikacin gona ne. Maƙwabciyarmu Madam malamar Turanci ce a wata makarantar kuɗi, rabonta da albashi tun da aka rufe. Ga kuma Hajiya, mahaifiyar babansu, wadda ban sa ta a lissafi ba, ita ta sa kanta.

Tana daga gefe tana jan carbi, ta ji ina karanta wa Yayarsu jadawalin makaranta. Ta ce, "Ke 'yar nan, wane irin karatu ne mutum zai buɗe littafi takwas a wuni ɗaya?" A Unguwar Juma ta tashi, cikin birni, a gidan da ake ɗaukar karatu a zaure. Ta ce kowane ɗalibi da littafinsa yake zuwa, wani Ahalari, wani Ishmawi, wani Iziyya, wanda ya yi nisa Risala. Ya karanta ɗan abin da zai iya riƙewa, malam ya fassara masa, ya tashi wani ya zauna. Ba a ƙara masa sai na jiya ya zauna. Alhamis da Juma'a kuma hutu.

Ba zan iya bin ta duka ba, domin WAEC ba ta san zaure ba. Darasi takwas ko tara take tambaya, kuma wanda bai ci kiredit biyar ba, har da Turanci da Lissafi, babu jami'ar da za ta dube shi. Amma na ɗauki abu biyu daga maganarta: kaɗan a wuni, kuma ba a wucewa sai an gane. Ga yadda na tsara. Bayan asuba tilawa da hadda wajen Hajiya. Da hantsi Lissafi awa ɗaya, a huta, sai darasin kimiyya guda ɗaya tal. Bayan la'asar Turanci. Alhamis mu fita gari, Juma'a a duba abin da aka yi.

Yayarsu ta dubi kalandar ta ce, "Umma, wannan ai ba zai ƙarar da silabus ba." Na ce na makaranta ma bai ƙarar ba.

Lahadi, 5 ga Yuli

Babansu ne ya ɗauki Lissafi yau, kuma bai buɗe littafi ba. Buhunan takin da ya saya don gonarsa ta masara suna jingine a zaure, can ya kai ta. A jikin buhun kamfa an rubuta 15:15:15. Ya tambaye ta me hakan ke nufi. Ta yi shiru. Ta sha cin tambayoyin kaso cikin ɗari a aji, amma ba ta taɓa zaton su ne a jikin buhu ba. Ya ce kowace lamba kaso ce cikin ɗari: naitirojin, fosfat, fotash. Buhun kilo 50 ne. Nan take ta fitar da kilo 7.5 na kowanne. Sauran nauyin kuma? Sauran abin da ke ɗauke da su ne. Yuriya kuma kashi 46 ce naitirojin, wato kilo 23 a buhu.

Sai ya ba ta ainihin aikin. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa ga masara a irin ƙasarmu ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfat, 60 na fotash a hekta ɗaya. Buhu nawa ke nan? Ta ɗan yi ta zane tana gogewa, domin ta so ta fara da naitirojin. Ya bar ta ta wahala, ni kuma ina daga ƙofa ina cizon leɓe don kada in sa baki. Can ta gano cewa da fosfat ake farawa, tunda kamfa kaɗai ke ba da shi: buhu takwas. Waɗannan takwas ɗin sun riga sun kawo kilo 60 na naitirojin, saura 60, wanda yuriya za ta cike da kimanin kilo 130, buhu biyu da rabi da ɗan ɗoriya.

Gonar tasa rabin hekta ce. Ta raba biyu, ta ƙirga buhunan da ke zauren, kamfa uku yuriya ɗaya, ta ɗago kai ta ce, "Abba, takinka bai kai ba. Kashi uku cikin huɗu kawai ka saya." Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce ya sani, aljihu ne ya yi lissafin, ragowar kuma kashin awakin Hajiya da ya kai gona tun da bazara zai cike.

Kafin ya sallame ta ya ƙara mata ɗaya ta yi da kanta: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka, tsiro nawa ke cikin hekta? Da yamma ta kawo 53,333, ta ce akwai ɗigo uku a baya da ba ya ƙarewa. Ya ce wannan rabon tsuntsaye ne.

Madam ta zo bayan la'asar da takunkuminta, muka sa mata kujera a inuwar darbejiya. Mun yi magana za mu riƙa ba ta ɗan abu duk mako. Ta ƙi faɗin nawa, sai da na matsa.

Litinin, 6 ga Yuli

Sinadarai. A littafi babin asid da bes ne, kuma an ce a gwada da takardar litmos, wadda ke kulle a ɗakin gwajin makaranta. Na jiƙa zoɓo na tace, na zuba a kofunan gilashi huɗu. Na ɗaya muka matsa lemun tsami, ja ya ƙara haske. Na biyu ruwan tsamiya, haka. Na uku jiƙaƙƙiyar kanwa, nan take ya rikiɗe ya yi duhu mai ratsin kore. Na huɗu ruwan toka, ya bi sahun kanwa. Ƙannenta suka taru suna ihu wai Umma ta yi tsafi. Sai ta riƙa ɗiga lemun tsami cikin kofin kanwa a hankali, yana ɗan kumfa, har jan ya dawo. Kumfar nan iskar da ke fita ce idan asid ya haɗu da gishirin kabonet da ke cikin kanwa, kuma ita ta faɗi haka kafin in faɗa.

Daga nan tambayoyi suka ɓalle. Me ya sa ake jefa kanwa a wake? Me ya sa mai ƙwannafi yake shan ta? Me ya sa ruwan toka da mai suke zama sabulu? Da Hausa muka yi wannan duka, ta kuma gane shi sarai. Da na ce ta rubuta abin da muka yi da Turanci kamar yadda za a tambaye ta a jarrabawa, sai alƙalami ya tsaya. Layi uku ta yi, biyu daga ciki kwafe daga littafi.

Nan matsalar yaranmu take, a ganina, kuma jadawali ba ya nuna ta. Yaro yana haddace jimlar Turanci bai san me take ɗauke da shi ba, ko ya san abin amma ba shi da jimlar. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ife tun 1970, inda aka koyar da yara dukkan firamare da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma ba su gaza takwarorinsu ba. Mu a gida ba mai hana mu. Na ƙara doka a kalanda: a gane da Hausa da safe, a rubuta da Turanci da yamma. Madam ta ce hakan ya fi mata, ta gaji da ba yara insha'i a kan ranar da ba za su manta ba.

Da daddare aka ji a labarai cewa Ƙaramin Ministan Ilimi, Chukwuemeka Nwajiuba, ya ce za a fara WAEC ranar 4 ga Agusta. Ba ajinsu ba ne, amma fuskarta ta saki. In 'yan aji shida suka fita, hanya ta buɗe.

Talata, 7 ga Yuli

An kwana ana ruwa, ba wuta, waya ta mutu. Kawunsu bai iso ba sai kusan sha ɗaya, wandonsa duk taɓo. Gwangwanin madara da muka ajiye a fili ya tara abin da ya kusa santimita biyu. Ya nuna mata cewa milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Suka auna rufinmu da igiya, mita 10 da 8. In ruwan milimita 20 ne, lita 1,600 ta sauka a kan kwanonmu, jarka 64 ta mai lita 25, mu kuma abin da muka tara baho biyu ne da randa. Samaru tana samun ruwan da ya kai mita guda a shekara, amma da rani mai kura muke jira. Hajiya ta ce a gaya wa babansu wannan lissafin, ya daina alƙawarin indararo.

Fiziks ɗin da aka tsara, wato babin matsin ruwa, bai yi nisa ba. Kawun nata ya saba da 'yan jami'a, yana gudu yana tsallake matakai, ita kuma kunya ta hana ta cewa ba ta gane ba. Na ja shi gefe na ce, "Malam, wannan ba 'yar aji uku a jami'a ba ce." Ya ce gobe zai zo da gora ya huda ta a wuri uku.

An ce a Kenya yau Ministan Ilimi George Magoha ya soke shekarar karatu ɗungurungum, sai Janairu. Ban gaya mata ba.

Laraba, 8 ga Yuli

Gorar ta yi aiki. Hudar ƙasa ta fi feso ruwa da ƙarfi, ta gani da idonta, aka wuce wurin.

Ilimin halittu a bayan gida muka yi shi. Ta tuge gindin gyaɗa ɗaya daga 'yar shukar da muka yi da ruwan farko, ta wanke saiwar. Ga ƙananan ƙulle-ƙulle nan a jiki. Ta fasa ɗaya da reza, cikinsa ja-ja, alamar ƙwayoyin halittar da ke ciki suna aiki, suna kamo naitirojin daga iska suna ba shukar. Ita da kanta ta haɗa shi da buhun yuriyar ranar Lahadi. Ta ce ashe shi ya sa manoma ke cusa wake da gyaɗa tsakanin dawa da gero. Hajiya ta ce su dai sun taras ana yi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yaron Samaru ya gama sakandare bai san me ake yi a bayan katangar da yake wucewa kullum ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR tun 1922 take nan, ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello da shekara arba'in, sai a 1962 ta shiga ƙarƙashinta. Irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga da ake shukawa a faɗin Arewa, masu suna SAMMAZ da SAMSORG da SAMNUT da SAMPEA da SAMCOT, daga nan suke fita. A ƙarshen bara aka saki SAMPEA 20-T, waken da aka sauya wa ƙwayar gado don ya jure tsutsar da ke huda fure da kwanso. Babansu yana goyon bayansa, kawunsu yana da ja. Na ce su ajiye gardamar sai ta kai babin gado, sannan su yi ta a gabanta, ta yanke hukunci a rubuce.

Da yamma labari ya juye. Bayan taron majalisar zartarwa, Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su buɗe don WAEC ba, gara a rasa shekara da a jefa yara cikin haɗari. Kwana biyu tsakanin maganar ƙarami da ta babba. Yayarsu ta rufe littafi ta ce, "To Umma, karatun me nake yi?" Ta shige ɗaki. Madam ta zo ta tarar ba ɗaliba, muka zauna muka sha zoɓon da ya rage, na sha ba na gwaji ba. Ban tilasta ta ba. Hajiya ce ta shiga wajenta bayan magariba, ban san me suka ce ba, na dai ji tilawa.

Alhamis, 9 ga Yuli

Ranar fita. Tun da aka sassauta kulle a watan jiya ba ta wuce bakin titi ba. Kawunsu ya ɗauke mu a mota, kowa da takunkumi. Muka bi ta Palladan, ya nuna mata Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, muka wuce Kwangila muka shiga Sabon Gari. Na ba ta aiki tun a gida: ta dawo da amsar tambaya ɗaya, me ya sa aka yi gari a nan alhali ga birni da ganuwarsa?

Kawun babansu tsohon ma'aikacin reluwe ne, gidansa ba nisa da tasha. Saboda shekarunsa a waje muka zauna, da tazara. Yana ganinta ya ce, "A'a, amaryata ce? An hana ki boko kin dawo gidan mijinki?" Ta ce, "Kaka, ni ba na auren mai sanda." Da aka gama wannan sai ta fito da takarda.

Ya ce dogo ne ya haifi Sabon Gari. Turawa sun shimfiɗa layi daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano, ya ratsa Zariya, aka gama a 1911, sannan aka haɗa shi da na Ikko. Daga nan Zariya aka fitar da wani siririn layi zuwa ma'adinan kuza na Jos, wanda aka rufe a 1957, da wani zuwa Gusau da Ƙaura Namoda a 1929. Tashar ta zama mahaɗa. Mahaɗa kuma tana son akawu da makaniki da direba da lebura, aka kwaso su daga kudu da ma wasu ƙasashe. Turawa ba su so baƙin nan su zauna cikin birni ƙarƙashin alƙalan Sarki ba, sai aka yanka musu fili kusa da tasha, da tituna miƙaƙƙu. Baƙin da suka zo daga wasu garuruwan Arewa aka nufe su da Tudun Wada. Ya ce amma a Zariya rabon bai taɓa tsayawa yadda aka zana ba, Hausawa sun cika Sabon Gari tun da wuri, kasuwa ba ta tambayar asali.

Ta tambaye shi me jirgin yake ɗauka. Ya ce abin da Turawa suka ci buri a kai auduga ce, don masaƙun Ingila, har injin gurza suka kafa a nan. Sai manoman Kano suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi, suka juya mata, dalar gyaɗa ta tashi. Na ga ta ja layi a ƙarƙashin wannan. A hanyar dawowa kawunsu ya tsaya a PZ ya ce ta karanta sunan wurin. Kamfanin Paterson Zochonis ne, ɗaya daga masu sayen amfanin gona su sayar da atamfa da sabulu, sunansa ya zauna wa unguwar.

Tarihi ba ya cikin darussan da za ta zana. Na sani, ita ma ta tuna mini sau biyu a mota. Amma insha'in WAEC ba ya gaza kalma 450, kuma yaron da bai san komai ba, ba shi da abin da zai cika su da shi. Da daddare da fitilar caji ta rubuta shafi biyu da rabi. Ban taɓa ganin ta rubuta Turanci mai tsawon haka ba tare da ta leƙa littafi ba.

Juma'a, 10 ga Yuli

Maza sun tafi masallaci, gida ya yi sarari. Madam ta dawo da insha'in jiya ja-wur da gyara, yawanci a kan lokutan aiki, tana fara labari a jiya ta ƙare shi a yau. Amma ta ce wannan ne karon farko da ta karanta rubutun yarinyar har ƙarshe don tana son jin abin da ya faru. Mako mai zuwa za su tsaya a kan wannan gyaran kaɗai, da taƙaita labari. Za ta saurari BBC Hausa na safe, ta zaɓi labari ɗaya ta mayar da shi jimla biyar na Turanci.

Abin da bai yiwu ba ma yana da yawa. Ba mu taɓa ilimin zama ɗan ƙasa ba, ba mu taɓa labarin ƙasa ba. Lissafin ranar Laraba ya tafi da ruwa, kuma tambayoyin jarrabawar baya da na yi niyyar a riƙa yi kullum sau ɗaya aka buɗe su. Akwai babuka kamar logaridim da ba su da buhu a zaure, dole a zauna da littafi a sha wuya. Haddar asuba ce kaɗai ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, domin malamarta ba ta karɓar uzuri.

Na miƙa mata kalanda na ce ta tsara mako mai zuwa da kanta. Ta sa Fiziks sau uku, ta mayar da Lissafi bayan asuba wai kanta ya fi buɗewa, ta tura hadda bayan magariba, ta share fitar Alhamis ta rubuta tambayoyin baya a wurin. Hajiya ta ce hadda ba ta motsawa daga asuba ko da Minista ne ya ce. A kan Alhamis muka yi ciniki: tambayoyin baya da safe, fita da yamma. Ina so in kai ta Gaskiya, inda aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam yana editanta, tunda Magana Jari Ce tasa tana nan ajiye ba wanda ya buɗe ta tun da ƙanenta ya yage bangon. Ta ce za ta je in za a biya ta gidan ƙawarta a Tudun Wada. Na ce sai dai gaisuwa daga ƙofa.

Lissafin Lahadi kuwa babansu ya riga ya kawo shi daga masallaci. Babbar Salla ƙarshen wata ce, su bakwai za su haɗa kuɗi su sayi sa, biyu daga ciki suna so su biya kashi-kashi, ga kuɗin mota daga kasuwa da na dusa har ranar yanka. Yana so ta fitar masa da abin da zai hau kan kowa kafin su zauna ranar Litinin.